Kakar da Masu Gida Suka Rasa Gida

Mako ɗaya bayan Babbar Sallar 2022, soyayyen naman layya bai gama ƙarewa a gidaje ba, aka rufe gasar Firimiyar Najeriya ranar Lahadi 17 ga Yuli. A daren na zauna a teburin mai shayin bakin layinmu a Ƙauyen Alu, inda aka saba raba dare ana musun ƙwallo har sai mai shayi ya fara kife kofuna. Ranar babu musu. Rediyon da ke rataye jikin ƙusa yana ta magana shi kaɗai. Wani dattijo tela, wanda tun ina yaro nake ganinsa yana rufe shago da la'asar duk ranar da Kano Pillars za ta buga a Ƙofar Mata, ya riƙe kofinsa da hannu biyu har shayin ya huce bai kurɓa ba. Can wani yaro, da bai fi shekara goma sha biyar ba, ya matso kusa da shi ya ce, "Baba, yanzu da su wa za mu riƙa bugawa?" Dattijon ya dube shi, ya ajiye kofin, ya biya kuɗin shayinsa da na yaron, ya tashi.

Abin da ya hana majalisar magana shi ne Kano Pillars ta faɗi. Ƙungiyar da ta ɗauki kofin gasar sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta gangara gasar da mutanen Kano ke kira ta gajiyayyu, tare da Katsina United da Heartland ta Owerri da MFM ta Legas. Rivers United ta Fatakwal ce ta lashe kofin, karo na farko a tarihinta. Duk matashin da ya buɗe ido ya ga Pillars daga farkon shekarun 2000 zuwa lokacin bai taɓa saninta a wani wuri ba sai cikin manya, kuma mafi yawan lokaci a saman teburi.

An yi ta neman wanda za a ɗora wa laifi. Wasu suka ce alƙalan wasa, wasu suka ce hukumar gudanar da gasar ta LMC, wasu suka ce an daɗe ana ƙulla wa Kano makirci daga kudu. Na saurari duk waɗannan a majalisu, daga Gyadi-Gyadi har Unguwa Uku, kuma ban ce babu ƙamshin gaskiya a ƙorafin alƙalanci ba, domin duk mai bin gasar nan ya san yadda busa ke karkata ga mai masauki. Amma da na zauna na bi kakar daki-daki, abin da na gani daban ne. Pillars ta faɗi ne saboda ta rasa gidanta, kuma da gidan ya dawo hannunmu, mu da kanmu muka sake jefar da shi.

Abin da gida ke nufi

Kirarin ƙungiyar kalma uku ne: Sai Masu Gida. An kafa ta a 1990, aka haɗe ƙungiyoyi uku, WRECA da Golden Stars da Bank of the North, domin Kano ta samu wakiliya ɗaya mai ƙarfi bayan zamanin Raccah Rovers, wadda ta ci gasar ƙasa a 1978. Shekaru da dama jarin Pillars ɗaya ne, wato filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, da dubban mutanen da ke cika shi.

Wanda bai taɓa zuwa ba zai yi wuya ya gane. Ranar wasa, tun bayan azahar za ka ga Adaidaita Sahu suna ɗibar matasa daga Tarauni da Ƙauyen Alu da Daurawa, su bi titin Zariya, su wuce Dangi, su nufi Ƙofar Nasarawa, kowanne cike da riguna masu ruwan ɗorawa da kore. Kafin ka kai marinar Ƙofar Mata ka fara jiyo ganga. A bakin ƙofa ga masu gyaɗa, ga masu ruwan leda, ga masu rake, ga yaran da ba su da kuɗin tikiti suna bin manya a baya ko Allah zai sa a shige da su. Mutum ya yi alwala ya yi la'asar a gefen katanga, ya sallame ya ruga neman wurin zama kafin rana ta kore shi daga inuwa. Idan aka jefa ƙwallo a raga, ihun kan kai har kasuwar Rimi.

A cikin wannan fili Pillars ta yi shekara goma sha biyu, daga 2003 zuwa 2015, tana buga wasannin gasar ba a doke ta ba. Wasa 202 a jere. Sai a watan Agustan 2015 Nasarawa United ta zo ta ci 2-1. A wasan gida aka yi 1-1 da Al Ahly ta Masar a gasar Zakarun Afirka ta 2009, aka je Alƙahira aka yi 2-2, Pillars ta fitar da ƙungiyar da ta fi kowacce kofuna a nahiyar, ta kai har wasan kusa da na ƙarshe. Heartland ce ta tsayar da ita a can. Shekara goma sha uku bayan nan, ƙungiyoyin biyu da suka ɗaga sunan Najeriya a waccan gasa suka faɗi a kaka ɗaya.

Akwai wani abu da wannan tarihi mai daɗi ya ɓoye mana. A gasar Najeriya ƙungiya 20 ke bugawa, wasa 38 kowacce, 19 a gida 19 a waje, kuma cin wasa a waje abu ne mai wuyar gaske ga kowa. Lissafin da aka daɗe ana yi shi ne ka cinye na gida, ka tsinci canjaras biyu ko uku a hanya, ka samu nasara ɗaya ko biyu idan an dace, sai ka tsinci kanka a sama. Pillars ta ƙware a wannan lissafi fiye da kowa. Amma lissafi ne da ke tsaye da ƙafa ɗaya. Ranar da aka taɓa ƙafar, komai zai zube, kuma ba mu taɓa zama mun tambayi kanmu abin da zai faru idan aka wayi gari babu Ƙofar Mata ba.

Shekara biyu a hanya

Cutar korona ce ta fara amsa tambayar. A 2020 aka mayar da filin Sani Abacha cibiyar killace masu cutar, aka kafa tantuna da gadaje inda ake buga ƙwallo. Ba wanda zai ga laifin wannan, rai ya fi wasa. Sai dai bayan annobar ta lafa, gyaran filin ya ɗauki lokacin da bai kamata ya ɗauka ba, kuma a nan sakacin hukuma ya fara. Pillars ta kwashe kayanta ta koma filin Ahmadu Bello da ke Kaduna. Ko lokacin da Ahmed Musa ya dawo ƙungiyar a watan Afrilun 2021, kyaftin ɗin Super Eagles guda, yaron da ya ci ƙwallo 18 a rigar Pillars a kakar 2009/2010 kafin ya tafi Holan, mutanen Kano ba su samu ganinsa a filinsu ba. Ya yi 'yan watanninsa ya wuce Fatih Karagümrük ta Turkiyya.

Haka aka shiga kakar 2021/2022 a watan Disamba, ana kiran Kaduna gida. Daga baya aka koma filin Muhammadu Dikko na Katsina. Kaduna ta haura kilomita 200 daga Kano. Ɗan wasan da ya saba kwana a ɗakinsa, ya yi sallar asuba a masallacin unguwarsu, ya ci abincin gidansu kafin wasa, ya koma kwanan otal da zaman mota kowane mako, ko wasan na gida ne ko na waje. Ga kuɗin mai, ga na masauki, ga kuɗin ƙofa da aka daina samu. Baƙon da a da ƙafarsa ke rawa tun daga ɗakin sauya kaya, yanzu yana shiga fili ya ga kujeru, ya buga ƙwallonsa hankali kwance. Wasannin da Pillars ta saba ci ido rufe suka fara komawa canjaras, wani lokaci ma a sha kashi.

A unguwa kuwa wani abu ya yi ta canzawa a hankali. Gidajen kallo na Gyadi-Gyadi da Tarauni dama cike suke da masoya Real Madrid da Barcelona da Manchester United da Arsenal. A da yaro kan haɗa biyu, ya je Ƙofar Mata da la'asar, ya dawo ya kalli na Turai da daddare. Shekara biyu babu wasa a gari, sai ga yara sun tashi sun haddace 'yan wasan Sifaniya har na benci, amma ba su iya lissafa 'yan Pillars biyar ba.

Ranar 16 ga Afrilu

Sai aka ce an amince Pillars ta dawo gida. Wasan farko da Katsina United, ranar Asabar 16 ga Afrilun 2022, tsakiyar watan azumi. Na tuna yadda labarin ya zaga layinmu tun kwana biyu kafin ranar. Telan nan ya fito da tsohuwar rigarsa ya wanke ya shanya a igiyar gaban shago. Mutane na cewa wahala ta ƙare, tunda an dawo Ƙofar Mata sauran wasannin gida duk namu ne, za a fita daga sahun 'yan dagaji kafin Sallah.

Ba a kai ƙarshen wasan ba. Ana 0-0, saura kusan minti goma a tashi, 'yan kallo suka ɓalle suka shiga fili. Aka tsayar da wasa. Aka farfasa gilasan motar da ta kawo 'yan Katsina United, hotunanta suka cika Facebook kafin a sha ruwa a gama tarawihi. Waɗanda aka yi wa wannan ba wasu ba ne, maƙwabta ne, 'yan garin da ya ba Pillars aron fili lokacin da ba ta da wurin zuwa. Tsakanin Kano da Katsina akwai wasan barkwanci da auratayya da ciniki na ɗaruruwan shekaru. A cikin watan da ake cewa idan wani ya zage ka ka ce masa kana azumi, a cikinsa aka jefi baƙo da dutse saboda ƙwallo ta ƙi shiga raga.

Hukuncin LMC, wadda Shehu Dikko ke shugabanta a lokacin, bai jima ba ya fito: tarar naira miliyan 9, hukuncin zaftare maki, da kora zuwa filin Moshood Abiola na Abuja. Ƙungiyar da ta yi shekara biyu tana jiran komawa gida ba ta cika minti casa'in a cikinsa ba. Abuja ta haura kilomita 400 daga Kano, kuma ta hanyar Kaduna ake bi, hanyar da a lokacin kowa ke shiga da addu'a a baki, domin ko mako uku ba a yi ba da harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na ranar 28 ga Maris. Wannan hanyar muka tura yaranmu su riƙa bi don buga wasan da ake kira na gida. Kuma ƙungiya ce da ta san ɗacin hanya: a watan Maris na 2015 'yan fashi sun buɗe wa motarta wuta a kan titin Abuja zuwa Lokoja, tana kan hanyar Owerri, suka raunata 'yan wasa biyar, har da Gambo Muhammad.

Na ji masu cewa ai 'yan tsiraru ne suka yi, ba za a yi wa dubban mutane kuɗin goro ba. Gaskiya ne 'yan tsiraru ne. Amma 'yan tsirarun nan ba daga sama suka faɗo ba. 'Ya'yan unguwanninmu ne, mun san su, mun san iyayensu, a mota ɗaya muke tafiya filin da su. Mun daɗe muna jin suna cewa ba a cin mu a gida ko ta halin ƙaƙa, muna dariya, muna ɗaukar abin a matsayin kishi. An kuma yi mana gargaɗi tun kafin nan. A watan Yunin 2019, a wasannin cike gurbin fitar da zakara da aka buga a filin Agege na Legas, magoya bayan Pillars sun shiga fili bayan wasa da Enugu Rangers suna neman alƙalin wasa, aka ci tarar ƙungiyar, aka dakatar da kyaftin Rabi'u Ali wasa 12. Da yake a shekarar an ƙare a mataki na biyu, kuma aka ɗauko kofin Aiteo a Kaduna bayan doke Niger Tornadoes a bugun fenareti, sai murna ta rufe maganar. Ba wanda ya koma kanta.

Daga benci zuwa ofis

Da a ce abin ya tsaya kan 'yan kallo, da sai a ce yarinta ce. A watan Yuni, ana tsaka da fafutukar tsira, aka buga da Dakkada ta Uyo, wadda ita ma ke neman kuɓuta. Dakkada ta farke ƙwallo, sai shugaban Pillars na lokacin, Surajo Jambul, ya tunkari mataimakin alƙalin wasa a bakin layi, kyamara tana ɗauka. LMC ta same shi da laifin cin zarafin jami'in wasa, ta kore shi daga harkokin gasar. Gwamnatin jiha ta sauke shi, aka kira Ibrahim Galadima, tsohon shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, ya riƙe ƙungiyar. Dattijo ne da ake ganin girmansa a harkar, amma an kira shi ne bayan ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Maganar zaftare maki uku da ta biyo bayan wannan ta kai gaban hukumar ƙwallon ƙafar, wato NFF, Pillars ta ɗaukaka ƙara, ba ta yi nasara ba.

Maki uku a ƙasan teburin gasar Najeriya ba ƙaramin abu ba ne. A can ƙungiyoyi kan cunkushe, maki ɗaya ko biyu ke raba mai tsira da mai faɗuwa. 'Yan wasa su yi gumi minti casa'in a rana, su yi tafiyar kwana a mota, su samo maki uku, sannan wanda ko ƙwallon bai taɓa ba ya zubar da su cikin minti ɗaya. Idan shugaba ya ɗaga hannu kan alƙali, da wane baki za a yi wa yaron da ke kan katanga faɗa?

Wannan ya kai mu ga tushen da ba a son taɓawa. Pillars mallakar gwamnatin jihar Kano ce, kamar yadda mafi yawan ƙungiyoyin gasar suke hannun gwamnatocin jihohinsu. Gwamna ke naɗa shugabanni, gwamna ke sauke su, daga baitulmali ake biyan albashi da alawus da kuɗin sa hannu. Wanda aka naɗa ya san ba magoya baya ne suka kawo shi ba, ba kuma su za su cire shi ba, don haka idonsa na kan gidan gwamnati. Ya kuma san kwanansa ƙidayayye ne, saboda haka ba ya shuka abin da sai bayan shekara biyar za a girba. Abin da yake so shi ne nasarar ranar Lahadi, ko ta wace hanya. Daga nan ake fara lallashin 'yan ta-kife maimakon a hukunta su, domin ana ganin suna da amfani ranar da wasa ya yi tsauri.

Benci ma bai zauna lafiya ba. Cikin ƙasa da shekara biyu ƙungiyar ta ga Bafaranshe Lionel Soccoia, ta ga Ibrahim Musa da ake kira Jugunu, ta ga Salisu Yusuf, ta sake komawa hannun Jugunu. Salisu Yusuf koci ne da ya san aikinsa, amma a daidai lokacin yana cikin masu horar da Super Eagles, ga gasar cin kofin Afirka a Kamaru a watan Janairun 2022, ga wasan neman gurbin kofin duniya da Ghana a watan Maris. Taura biyu ba ta taunuwa. Idan ka kwatanta da zamanin da Baba Ganaru ya zauna ya ɗauki kofi biyu a jere, 2012 da 2013, Okey Emordi ya zo ya ɗora na uku a kan tubalin da ya tarar, za ka ga bambancin gini da faci.

A cikin fili kuwa, ƙungiyar ta daɗe tana cin tsohon arziki. Chinedu Udoji, ginshiƙin baya, ya rasu a haɗarin mota a Kano a watan Fabrairun 2018. Junior Lokosa, wanda ya ci ƙwallo 19 a 2018, ya tafi Esperance ta Tunisiya. Ba a maye gurbinsu da irinsu ba. Rabi'u Ali, Pele na Kano, ya haura shekara 40 a kakar da ake magana, amma har lokacin shi ake kallo idan an samu bugun tazara, shi ake jira ya ƙirƙiro abin da babu. Wannan abin yabo ne gare shi, kuma abin tuhuma ne ga waɗanda aka ba amanar nemo magajinsa. Kano ba ta rasa yara ba. Ka zaga filayen makarantun Tarauni da Gyadi-Gyadi da yamma, ko ranar Asabar da safe, za ka ga ƙananan kulob-kulob na unguwa suna atisaye cikin ƙura, kocinsu na sayen ƙwallo da kuɗin aljihunsa. Tsakanin waɗannan filaye da Ƙofar Mata tafiyar minti ashirin ce a Adaidaita, amma yaro kan yi shekaru bai samu mai duba shi ba.

Dawowa, da abin da ya biyo baya

Manyan ƙungiyoyi kan faɗi. River Plate ta Ajantina, mai tarin kofuna, ta faɗi a 2011, magoya bayanta suka yi ɓarna a filinsu ranar, ta yi kaka ɗaya a ƙasa ta dawo, a 2015 ta ɗauki kofin zakarun Kudancin Amurka. Abin dubawa shi ne me ƙungiya ta koya a can ƙasan.

Pillars ma kaka ɗaya ta yi. Rabi'u Ali bai gudu ba, ya bi ta gajiyayyu yana ɗaure da ƙyallen kyaftin, kuma wannan halacci ne da Kano ba za ta manta ba. A tsakiyar 2023, ƙarƙashin koci Evans Ogenyi, aka je Asaba wasannin ƙungiyoyi takwas, Pillars ta samu tikitin dawowa tare da Katsina United da Heartland da Sporting Lagos. Kafin nan an rushe LMC, an kawo sabbin masu gudanar da gasar ƙarƙashin Gbenga Elegbeleye. A watan Oktoban 2024 Ahmed Musa ya sake dawowa, wannan karon tare da Shehu Abdullahi, kuma mutanen Kano suka gan shi da idonsu a Ƙofar Mata, fili ya cika har ba masaka tsinke. A 2025 aka naɗa shi babban manajan ƙungiyar. Majalisar mai shayinmu ta dawo da hayaniyarta. Yaron nan da ya yi tambaya a daren faɗuwa ya zama saurayi, shi ke tara kuɗin motar 'yan layinmu ranar wasa.

Sai ranar 12 ga Oktoban 2025. Shooting Stars ta Ibadan ta zo Kano, Pillars na gaba da ci ɗaya, baƙi suka farke ana dab da tashi. Aka busa, 'yan kallo suka tsallako suka far wa alƙalan wasa da 'yan wasan Ibadan. Hukumar gasar ta ci tarar naira miliyan 9 da rabi, ta zaftare maki uku da ƙwallo uku, ta rufe filin Sani Abacha, ta tura Pillars Katsina. Ahmed Musa ya fito ya ba da haƙuri a madadin ƙungiyar. Shugabannin ƙungiya sun canza, hukumar gasa ta canza, gwamnatin jiha ma ta canza tun 2023. Waɗanda ba su canza ba su ne mu da ke zaune a kan kujerun kallo.

Saboda haka maganata ta ƙarshe ba ga hukumar gasa take ba. Gwamnatin Kano tana da nata aikin: ta gyara shingen da ke tsakanin 'yan kallo da fili, ta sa kyamarori, a riƙa sayar da tikiti daidai da yawan kujeru, duk wanda aka kama ya tsallaka a kai shi kotu da sunansa, a hana shi shiga filin. Ta kuma bar waɗanda ta naɗa su yi shekarun da za a iya tambayarsu abin da suka gina. Amma babban aikin yana unguwa. Shugabannin ƙungiyoyin magoya baya na Tarauni da Gyadi-Gyadi da Ƙauyen Alu sun san yaransu ɗaya bayan ɗaya. Masu unguwanni da limamai da iyaye sun san wanda ke fita da dutse a aljihu. Ku da kuke cika mota ranar wasa, ku duba wanda ke zaune kusa da ku tun kafin a bar bakin layi. Idan kun san abin da ya kai shi ba kallo ba ne, ku sauke shi a nan.